Awawu, Wadda Ta Fasa Ɗakin Gado

Duk wanda ke bi ta bayan kasuwar dabbobi ta Bawku da sanyin safiya ya san Mma Awawu, ko da bai san sunanta ba. Doguwar tsohuwa ce, ɗankwalinta a ɗaure tamau, kullum tana fitowa daga wata bukkar ciyawa rungume da sirdi. Ba ta kai shi rana. Ƙarƙashin darbejiya take ɗora shi a kan itace, ta zare zubka, wato shimfiɗar da ke tsakanin sirdi da bayan doki, ta kakkaɓe ta, ta kai hanci ta sansana. Daga nan sai wurin abinci. Takan cusa hannu cikin buhun dusa har gwiwar hannu ta tsaya shiru. In ta ji sanyi ta wuce. In kuwa ta ji ɗumi a tsakiyar buhu, to ranar mai dokin zai ji abin da bai so ji ba, komai girman rawaninsa.

Fataken shanu da na hatsi da ke ajiye doki don sha'awa da tunawa da iyaye, su ne ke kawo mata kayansu, kuma wallahi shakkarta suke yi. Mutane da yawa sun ga ranar da wani Alhaji sabon arziki ya sauko daga doki, ya yar da sirdi da zubka jiƙe sharkaf da gumi a kan siminti, ya juya zai shige gida. Ta ce, "Alhaji, kai in ka yi gumi, a cikin rigar kake kwana?" Alhaji ya dawo ya ɗauke kayansa da hannunsa, yana murmushin da bai kai ciki ba. A wurinta fata ba ta taɓa ƙasa, ba ta jingina da bango. Da damina man kaɗanya kaɗan take shafa mata, don in ya yi yawa fumfuna ce ke ƙoshi da shi. Da bazara, lokacin da zafin Bawku ke tsattsaga fata, sai ta ƙara hannu. Harawa kuwa a kan rumfa take kwana, kuma tana juya ta tun kafin ta fara baƙi daga ƙasa.

Bana ta ce ta ajiye aiki. Hannu ya fara rawa, sirdi ya fara yi mata nauyi. Wannan kaɗai ya isa a yi mata jinjina, amma ba shi ne ya sa ni magana ba. Akwai wani suna da aka liƙa wa matar nan a Salaga, ta yi shekara da shekaru tana yawo da shi daga gari zuwa gari, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna. An ce mata ɓarauniya.

Ga yadda aka yi. A zangon Salaga, unguwar Hausawa da sauran baƙi, aka haife ta, a gidan Madugu Sumani, jikan madugan da suka riƙa jagorantar ayarin goro. Ubanta ne mai kula da bargar gidan, kuma da yake Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ita ya koya wa aikin. Ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo ta tarar uban ya tsufa, sai kawai ta karɓi barga ba tare da an yi wani zama a kai ba. Doki ɗaya ya rage a gidan, wani akawal, wato baƙin doki, da kuma sirdin kakan Madugu wanda ya zo daga ƙasar Hausa a kan hanyar goro. Madugu yana da 'ya'ya maza biyu. Sidiku, babban, yana fataucin shanu a Bawku. Saaka, ƙaramin, yana gida, kuma Awawu ta goya shi a bayanta yana yaro.

Waɗanda suka ga yunwar 1983 ba sai an ba su labari ba. Fari ya ci gona, gobarar daji ta ci saura, kuma har daminar da ta biyo baya ta kankama ba a daina auna tuwo da ido ba. A farkon wannan daminar Madugu ya rasu. Ya bar buhunan dawa da ya tanada tun kafin abu ya yi tsanani, na gida da na doki. Ranar jana'iza gida ya cika da jama'a, kowa kuma cikinsa a lafe, sai dattawa suka ji tsoron kada kaya su yi ƙafa. A zangon, al'ada ce in mai gida ya rasu a tara kayansa a ɗaki ɗaya a kulle, ba mai buɗewa sai magada sun hallara. Al'ada ce mai kyau, ta raba faɗa a gidaje da yawa. Amma ranar ana yayyafi aka kwashe buhunan aka ratsa tsakar gida da su. Aka zaɓi ɗakin da ya fi ƙarfi, mai rufin kwano da daɓen siminti. Aka jibge dawa a ƙasa, aka ɗora sirdi da linzami da zubka a kai, aka lulluɓe su da leda don girmamawa, aka buga wa taga katako, aka sa kwaɗo. Liman ya tafi da mabuɗi.

Awawu ta yi magana tun a ranar, aka ce mata yau ranar kuka ce, ba ranar maganar sirdi ba. Ta koma yankar wa akawal ciyawa. Sidiku kuwa ya aiko cewa yana tafe, amma a shekarun nan mota sai an yi sa'a: in akwai mai babu taya, in akwai taya hanya ta yanke. Marka ta sauka. Da rana kwano ya gasa ɗakin, da yamma ruwa ya jiƙa bango. Ba a daɗe ba ta fara jin warin ta ƙarƙashin ƙofa, wari mai zaƙi-zaƙi da duk mai barga ya sani.

Ta je wurin Liman ta durƙusa. "Allah ya gafarta Malam, kayan nan suna mutuwa a ɗaki."

Ya ce, "Awawu, mai kaya ne ya mutu. Wannan dukiyar magada ce, ko ni ba ni da ikon taɓa ta sai Sidiku ya zo."

"A buɗe taga kawai, Malam, iska ta shiga."

"Yau taga, gobe ƙofa. Ki yi haƙuri."

Ta je wurin Saaka. Ya ce shi ba zai bari yayansa ya zo ya ce an buɗe ɗaki a bayan idonsa ba. Kowa yana tsoron bakin mutane, ba wanda ke tsoron fumfuna sai ita.

Wata rana da hantsi aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya shige ɗakinsa. Ɗanlarai mai amalanken jaki ya fake a rumfar barga, kuma daga bakinsa na ji abin da ya biyo baya. Ya ce sai ya ga ta fito da taɓarya a kafaɗa, ta nufi ɗakin gado, ta ɗaga ta maka wa kwaɗon. Ya ce, "Mma, kin haukace ne?" Ta ce, "Zo ka kama mini, in na gama sai ka ɗaure ni." Da ƙofa ta buɗe, wani tururi mai ɗumi ya buge su har sai da suka ja da baya. Ƙarƙashin leda ruwa ne ke ɗiga. Sirdi ya yi fari-fari da kore, zubka ta fara narkewa, likkafu sun yi tsatsa. Ta kwashe kayan dokin ta kai bukkarta, inda akwai iska da ɗan hayaƙin murhu. Sannan ta dawo ta farke buhu ɗaya. Dawar ta dunƙule, ta yi baƙi da kore, tana da zafi a hannu. Ta farke na biyu, ta farke na ƙasa, duk kanwar ja ce.

Awawu ta san abin da irin wannan hatsi ke yi. Ta taɓa ganin doki yana birgima da ciwon ciki har ya mutu a kansa. Kuma a cikin wannan yunwar ta ga wani gida a unguwar da suka wanke ruɓaɓɓen hatsi suka tuƙa, aka kwashi yaransu ranga-ranga, ɗaya bai dawo ba. Ta san in buhunan nan suka wuni a tsakar gida, kafin gobe sun shiga tukwanen zango. Sai ta sa Ɗanlarai ya loda su a amalanke, suka bi ta bayan gari cikin ruwan. Salaga gari ne na tsofaffin rijiyoyi, wasu sun mutu tun zamanin kakanni. A cikin ɗaya daga cikinsu ta juye dawar, ta bi ta da kashin doki da laka.

Ɗanlarai ya ce a bakin rijiyar nan ya roƙe ta har da hawaye. "Mma, ki bar mini buhu ɗaya. Yarana kunun kanwa suke sha ba gari. Zan wanke, zan shanya."

Ta ce, "Da hannuna ba zan ba ka abin da za ka binne su da shi ba."

Ta sa ya rantse ba zai nuna wa kowa wurin ba. Da suka koma ta juye masa ɗan garin rogon da ya rage mata. Ya karɓa, amma ya ce ranar ba wanda ya tsana a duniya kamarta.

Ruwa ya ɗauke, gida ya fito, aka ga ƙofa a wangale. Tirƙashi! Babu dawa, kuma ga sirdin kakan Madugu a bukkar Awawu, tana zaune tana goge shi da busasshen tsumma. Ku faɗa mini, wa zai ga haka bai yi zato ba? Kafin la'asar zaure ya cika. Saaka ya miƙe ya fuskance ta.

"Mma Awawu, ina dawar?"

"Ta ruɓe, na zubar."

"A ina?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ko ta ruɓe ai sai a wanke a niƙa. Mutane suna cin abin da ya fi wannan lalacewa!"

Ta dube shi ta ce, "Shi ya sa ba zan faɗa ba."

Liman ya sa baki, kuma don Allah ya yi ƙoƙari. Ya ce ta kai mutum biyu kawai su gani da idonsu, magana ta mutu. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, mutum biyu suna da mata, matan suna da maƙwabta, maƙwabta suna da yara masu yunwa. A bar ni da laifina." Nan Saaka ya daina ce mata Mma. Ya ce a wannan shekara ba mahaukacin da zai zubar da dawa, kalabule ta yi, wato ta sayar da ita a ɓoye da tsada kamar yadda 'yan kasuwar bayan fage ke yi, kuma da an yi jinkiri da sirdin ma ya bi. Ya nuna ta da yatsa a gaban manya da yara ya ce, "Ke ɓarauniya ce, kin ci dukiyar marayu." Ɗanlarai yana bakin zaure. Rantsuwa ta ɗaure shi, tsoro kuma ya ƙara ɗaure shi, don ya san in ya buɗe baki za a ce tare suka raba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta rantse ba. Ta roƙi abu ɗaya, a bar ta ta gama da sirdin kafin ta tafi, don in aka tsaya a tsakiya fumfuna za ta dawo. Suka bar ta, wani yana zaune a bakin bukka yana gadinta. Ta kankare, ta shanya a inuwa, ta ɗinka sabuwar zubka, ta cire tsatsar likkafu da toka. Da ta gama ta rataye shi a kan itace, ta shafa wuyan akawal, ta ɗauki ƙullinta ta bar gidan da aka binne cibiyarta.

Ke ce, Awawu, wadda aka ce ki zaɓa tsakanin sunanki da yaran wasu, kika ajiye sunan. Ke ce kika san magana ɗaya za ta wanke ki tas, kika haɗiye ta. Mace mai kamar maza, ƙi-gudu, sa maza gudu. Da ni ne, wallahi da na kai su bakin rijiyar nan da gudu, na ce ga ta nan, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ke ba ki yi ba.

Ta sauka a Yendi, ta tarar labarin ya riga ta isowa, don mugun labari ba ya jiran mota. Wani mai dawaki, Afa Fatawu, ya ɗauke ta aiki saboda kayansa suna lalacewa kowace damina, amma bai ba ta mabuɗi ba. In za ta shiga wurin abinci sai matarsa ta bi ta a baya, wai tana neman kaza. Wata rana ya kasa daurewa ya tambaye ta da irin Hausarsa. "Mma, an ce kai ne ya saci dawa a Salaga." Ta ce, "An ce. Kai kuma je ka duba bayan dokinka, ka ga ko akwai gyambo tun da na zo." Ta fitar da buhunansa daga kan siminti ta ɗora a kan katako, ta sa aka huda bango sama da ƙasa don iska ta ratsa, ta hana a sayi dusa mai yawa da damina komai arharta. Daga baya da kansa ya kawo mata mabuɗin. Ta ce ya riƙe abinsa, ta saba aiki da ido a bayanta.

Za a ce, to da kaka ta yi, yunwa ta wuce, me ya hana ta komawa ta nuna rijiyar, ko ta kwance wa Ɗanlarai rantsuwarsa? An tambaye ta. Ta ce, "Yaron da na goya bai yarda da bakina ba, sai in je in roƙi rami ya yi mini shaida?" Girman kai ne, na yarda. Tana da shi, kuma ni dai ban ga laifinta ba.

A rabon gado sirdin ya faɗa hannun Sidiku, ya tafi da shi Bawku. Sidiku ya san fata. Da ya duba yadda aka ceto sirdin nan, jikinsa ya ba shi wani abu, amma bai so ya ƙaryata ƙanensa a bainar jama'a ba. Bayan wasu shekaru zafin ɗakin kwano ya fara tsaga fatar, sai ya aika Yendi aka ɗauko ta. Ya ce, "Mma, ga wuri, ga aiki. Abin da ya wuce a bar shi ya wuce." Ta ce, "A wurinku ya wuce. Ka sa a yi mini bukkar ciyawa, sirdi ba ya kwana a ƙarƙashin kwano." Ta riƙe masa kayansa da amana, ta riƙe na rabin masu dawakin garin, amma ko a Bawku in ta shiga gidan suna akan sami wata ta jawo jakarta kusa da cinyarta. Tana gani. Sai kawai ta daina zuwa.

A watan jiya Ɗanlarai, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya je ya tambayi malamai yadda ake kaffarar rantsuwa, ya yi. Ranar Juma'a ina cikin masallacin unguwar a Salaga, bayan an sallame, sai ya miƙe ya ce jama'a su dakata. Ya faɗi komai, daga taɓarya har garin rogo. Ya ce, "Yaran da na roƙa wa dawar nan, ga ɗaya can a sahu na uku da nasa yaran. Da ta ba ni, ban san ko da yana nan ba. Matar nan ba ta saci ko ƙwaya ɗaya ba. Ni na ja amalanken." Saaka yana sahun gaba. Ya ɗauki takalmansa ya fita ta ƙofar gefe.

Ni na kai mata labarin Bawku. Na same ta a gindin darbejiya tana nuna wa wata mata mai suna Sahada, wadda za ta gaje ta, yadda ake shafa mai a linzami. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba.

Ta ce, "Saaka yana wurin?"

Na ce yana wurin.

"Me ya ce?"

Na ce bai ce komai ba.

Sai ta ajiye linzamin a cinyarta. Matar da zauren Madugu bai ga hawayenta ba ta fashe da kuka, kuka sosai, har Sahada ta rasa inda za ta sa kanta. Da ta natsu ta ce, "Duk shekarun nan ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona a jera sahu a kaina, wani daga baya ya raɗa wa na kusa da shi, ai ita ce ta Salaga."

Mun gode, Mma Awawu. Mun gode a madadin dawakin da ba su da bakin godiya, da mutanen da suka girma suka yi aure ba su san kin taɓa tsaya musu ba. Allah ya saka miki, ya sa ki gama lafiya. Ku kuma da aka ba ku amanar wani abu, ko rumbu ne ko barga ko kantin wani, in hancinku ya gaya muku abu yana ruɓewa, ku yi magana, in an ƙi ji ku yi abin da ya kamata ko za a zage ku. Kada ku tsaya kuna gadin kwaɗo.

Saura kai, Saaka. A gaban jama'a ka ce mata ɓarauniya, kuma wani ne ya tashi ya wanke ta a madadinka. Motar Bawku tana tashi kullum yanzu, ba ƙarancin mai, ba ƙarancin taya. Kada ka bari sai ka zo cikin masu gaisuwar mutuwa kana cewa Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce. Tana nan da ranta, kuma kunnenta garau yake.